Madubin Tirelar Baba Yohanna

Cikin duk ranakun da na yi a sana'ar gyaran kwamfuta, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da na saita wa wani tsohon direba gem, wato wasan kwamfuta, a unguwar Herwagana. Ku da kuke koyo a hannuna yanzu, na san yadda kuke ɗaukar saitin gem. Kun mai da shi aikin da ake yi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin ledar gyaɗa. Ni ma haka na ɗauke shi a da. Ku ajiye wayoyin nan tukuna ku saurara.

A lokacin ina aiki a shagon Oga Sani a Jekadafari. Tsarin shagon kamar namu ne. Oga shi ke karɓar aiki, shi ke yanke abin da za a saya da abin da za a bari. Injiniya, wato ni, shi ke buɗe inji ya gyara. Masu koyo kuma suna kallo suna miƙo kaya. In aikin gida ya taso, wanda sai an bi mutum har ɗakinsa, injiniya ake turawa.

Ana tsakiyar bazara, irin zafin da ko fanka iskar wuta take hurowa, wata malamar firamare mai suna Rifkatu ta shigo shagon. Mahaifinta, Baba Yohanna, mutumin Kaltungo ne, ya ƙare ƙarfinsa a kan tirela yana jigilar hatsi da siminti. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta hagu. Likita ya ce hannun zai iya dawowa in yana motsa shi, amma tsohon ya juya fuska bango. Abinci sai an yi rigima yake ci, ko coci ya daina yarda a kai shi. Sai ƙaninta da ke aiki a Jos ya aiko da wata tsohuwar kwamfutar ofis, da sitiyarin roba mai haɗe da totur da birki, da gem ɗin tuƙin tirela. Ranar da aka kunna, tsohon ya tashi zaune da kansa ya ɗora shanyayyen hannun a kan sitiyari.

"Amma abin yana hangin, Injiniya," in ji ta. "Ya ɗan yi tafiya sai hoton ya cije, ya yi tsalle. Jiya ture sitiyarin ya yi, ya ce motar da ke shaƙewa a hanya ba mota ba ce. Gaskiya in ya koma kwanciyar nan, ban san da me zan sake tashe shi ba."

Oga Sani ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce da ni, "Auwalu, je ka sauke masa komai ƙasa ka dawo, aiki na jiranka."

Na ɗauki jakar kayana, ni da Rifkatu muka hau keke napep. Na tarar da dattijo mai faɗin kafaɗa a kujerar roba, ƙafar hagu a miƙe, an ɗaure sitiyarin a bakin teburin cin abinci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne makanikin?"

"Ni ne, Baba."

"To motar nan mai ba ya kai mata daidai. Duba min ita."

Da na buɗe injin nan take na ga matsalar. Babu katin hoto a ciki. Ga wanda bai sani ba, katin hoto shi ne sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a gem, kuma sai ya zana ya sake zanawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda kafin motsi ya tafi sumul. Kwamfutar ofis an yi ta ne don buga takarda. Ɗora mata gem irin wannan kamar ɗora wa keke lodin tifa ne. Na yi abin da ake fara yi. Na share ƙurar da ta toshe fanka, na sake man sanyaya kan injin, na kashe duk manhajojin da ke tashi da kansu suna cin ƙarfi a ɓoye, na ƙara mata ram ɗin da na zo da shi, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take kan yi. Ta ɗan farfaɗo, amma da sauranta.

Daga nan na shiga saitin gem ɗin. Aikin saiti ba wani sihiri ba ne, ragi ne kawai. Kana kashe abu ɗaya, ka gwada, ka kashe wani, har injin ya iya ɗaukar abin da ya saura. Ina yi ina gaya wa Baba Yohanna, don ya kafa min ido kamar zan sace masa taya. Na kashe inuwa. Ya ce inuwa ba ta tuƙi. Na rage ciyawar gefen hanya. Ya ce ba kiwo ya zo yi ba. Na rage ruwan sama da ƙyallin fenti, na sassauta kaifin hoto har itatuwa suka koma kamar zanen 'yan aji ɗaya. Duk bai damu ba. Ya ma yi dariya ya ce, "Ashe sauke mata lodi kake yi. Da ka faɗa tun farko."

A fili motar ta tafi lafiya. Amma da an shiga gari, inda gidaje da motoci suka yi yawa, sai hoton ya sake cijewa. Na san inda matsalar take. Madubai ne. A irin wannan gem, kowane madubin gefe sai injin ya sake zana masa duniyar daban, ta baya, ban da ta gaba da yake fama da ita. Duk ɗan gem a garin nan ya san maganin, kashe su ake yi a wuce wurin. Na ce, "Baba, bari in cire madubai, za ka ga ta tashi kamar sabuwa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ka cire me? Ɗana, gara ka cire birki." Ya ɗaga hannun dama yana nuna ni. "Kai kana ganin tirela gaba ake tuƙa ta? Gaba ko yaro ya iya. Baya ake tuƙawa. Wutsiyarta tana can nesa da kai, ita ke kwashe ɗan acaɓa a kwana, ita ke take mai talla. Na yi tuƙi har gashina ya yi fari, ko akuya tayar bayana ba ta taɓa hawa ba. Je ka tasha ka tambaya."

Na ga babu hali. Sai na nemi tsaka-tsaki. Akwai saitin da ake kira nisan madubi. In ka rage shi, madubin yana nan, amma injin ba ya zana abin da ke nesa, sai mota ta matso dab sannan ta bayyana. Na rage shi har ƙasa, cijewar ta tafi. Na gaya wa Rifkatu abin da na yi. Na juya na ce, "Baba, madubin yana nan, amma fa ba ya hango nesa. Abin da ke kusa kawai zai nuna maka."

Ya kaɗa hannu ya ce, "Madubi ai madubi ne." Ya ji maganata sarai, amma ba ta zauna masa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa da gilashi na gaske, wanda in abu yana baya dole ya nuna shi, ta ina zai gane madubin da ke zaɓen abin da zai nuna?

Ya tayar da mota. Jama'a, na ga tuƙi. Ya fita daga gari a hankali, yana ba kowace kwana haƙƙinta, idonsa yana zuwa madubin hagu, ya dawo hanya, ya je na dama. Yatsun hannun hagu da aka ce sun mutu na ga sun naɗe a jikin sitiyari suna riƙewa. Ya fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Rifkatu, akwai sauran kunun nan?" Ta fito da gudu har tana tuntuɓe da bakin ƙofa. Ta tsaya a bayansa da kofi a hannu tana share ido da gefen ɗankwali. Ni kuwa na fara tattara kayana, raina fes, ina cewa yau na yi aikin da zan ba da labari.

Sai ya cim ma wata motar kaya tana jan jiki a gabansa. Ya sa sigina. Ya dubi madubi. Ina tsaye ina kallonsa, ya duba ya sake dubawa, madubin wayam. Ya karya sitiyari ya fito. Wata ƙaramar mota da ke tafe a guje daga nesa, wadda injin bai zana ba, ta bayyana dab da tayar baya. Ƙarar karon ta cika ɗakin. A madubin muka ga motar ta juya ta daki ƙarfen gefen hanya.

Baba Yohanna bai taka birki da ƙarfi ba. Ya sa siginar dama, ya gangara gefen hanya a hankali, ya tsaya. Ya ce in ja masa birkin hannu in kashe inji, na danna masa. Sannan ya ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

"Baba, gem ne. Babu kowa a ciki."

"Na duba," in ji shi. "Ka ga na duba. Ban gan ta ba." Ya sa hannu ya shafa idonsa na hagu. "Ashe ciwon ya ci idon ma."

Na ce ba idonsa ba ne, saitin da na gaya masa ne. Na durƙusa gabansa na mai da nisan madubin sama don ya gani da kansa. Motocin nesa suka fito a madubi tar, hoton kuma ya koma cijewa yana tsalle. Na rage, suka ɓace. Na ƙara, suka dawo. Na yi ta yi ina rantsuwa har gumi ya jiƙa min riga. Rifkatu ma ta sa baki ta ce, "Baba, Injiniya ya faɗa tun ɗazu, ni ma na ji."

Ya dube mu ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi fushin ciwo. Ya ce, "Tun da na kwanta haka kuke min. Likita ya ce saura kaɗan in warke. Ke kin ce na yi ƙiba. Yanzu yaron kirki ya zo ya ce laifin gilashi ne. Ubangiji ya sa maka albarka, ɗana. Ku kama ni in kwanta."

Muka kama shi. Kunun yana kan tebur, ko kurɓa bai yi ba.

Na koma shago na gaya wa Oga Sani komai. Ya yi tsaki ya ce a kan gem zan zo ina masa fuska kamar an yi rasuwa. Amma mutum ne mai zuciya in ya huce. Ya ce sa wa waccan kwamfutar kati ɓata lokaci ne, akwatinta ya yi ƙanƙanta, tukunyar wutarta ba za ta ɗauka ba. Da na dame shi, ya ba ni aron babbar kwamfutar shago, wadda muke gwada kaya da ita, ya ce in ta lalace in nemi wani garin. Na rungume ta a keke har Herwagana. Na haɗa, na ɗaga komai sama, inuwa da ciyawa da ruwan sama, madubai suna hango har ƙarshen hanya, babu cijewa ko ta ƙiftawar ido. Ban taɓa yin saiti mai kyan wannan ba.

Rifkatu ta shiga ta roƙe shi ya fito ko kallo ya yi. Ina jin amsarsa daga tsakar gida. "Ki ce masa ya mai da wa mai ita. Wanda ya duba bai gani ba, ya gama tuƙi. In na sake hawa, ranar da mutane na gaske suka shigo gabana fa?"

Ta kai shi asibitin ido daga baya. Aka auna aka ce idonsa lafiya lau daidai shekarunsa. Baba Yohanna ya ce shi ma wannan likitan ɗan kirki ne.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan sa masa sukari ba. A wannan garin da wuya a kawo muku injin da ya isa aikin da ake so ya yi. Kullum ragowar ofis ne, kullum na gwanjo ne, kuma aikinku shi ne ku zaɓi abin da mai shi zai rasa. Mu a wajenmu in hoto ya tafi sumul an gama. Shi kuwa mutumin da ke zaune gaban allon, wataƙila abin da muka yanke shi ne kaɗai dalilin zamansa a wurin. Don haka kafin ku taɓa saiti, ku ba shi sitiyari ko linzamin kwamfuta ku tsaya bayansa ku ga inda idonsa ke zuwa. Ko kun yi hakan ma ba na muku alkawarin komai. Ni na tambaya, na bayyana, na dawo da injin da ya fi, duk bai hana ba.

Rifkatu takan biyo ta gaban shagon nan in ta taso makaranta, muna gaisawa. Baba Yohanna yana nan da rai. Hannun ya riga ya ƙage, ba ya buɗewa. In tsofaffin abokan tasha suka zo duba shi suka tambayi jiki, ta ce ba ya maganar hannun ko ƙafar. Cewa yake idonsa ne ya mutu, har ya take mutane da tayar baya.