Takardar da Na Cika da Kireyo

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, mushenmu na lise, wato malaminmu, ya raba mana takardun neman makarantar gaba. Tawa ta wata makarantar sana'o'in hannu ce a Yamai. Sashe biyu ne a cikinta suka shafe ni: na zane, inda ake koyon hoto da fenti, da na tufafi, inda ake koyon saƙa da rini da fitar da ado a jikin yadi. Gaban kowanne akwai ɗan gurbi. Ka sa ɗaya a wanda ka fi so, biyu a ɗayan, sannan uba ko mariƙi ya sa hannu a ƙasa.

Na san abin da nake so. Tun ina ƙaramin aji, ranar kasuwar Dakoro nakan tafi kara, wajen saida dabbobi, da kayena na lekol, littafin rubutun makaranta, in raɓe gefe ina zana dabbobi a shafukan baya: jajayen shanun Fulani masu dogon ƙaho, raƙumin da ya durƙusa yana hararar mai shi. Wani dillali ya taɓa leƙa kayen ya ce, "Wanga ai bijimin da na saida ɗazu ne, ga tsagar kunnen nan." Ban ce na gwanance ba. Ƙila dillalin ma zolaya yake. Amma ya gane bijiminsa.

Na sa ɗaya a zane, biyu a tufafi. Sai dai da kireyo na rubuta, wato fensir. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Na ce kada in sa bik, wato biro, daga baya mushe ya ce ba haka ake cikawa ba, takarda ta lalace. Niyyata in an sa hannu in bi sahun da bik.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Babana bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Kunya ce, kowa ya santa, kuma ana yabon iyayen da suka riƙe ta: ba sa yabon ɗan fari, ba sa tsaya masa gaban mutane, duk abin da ya shafe shi na ƴan'uwa ne. Don haka da na durƙusa gaban Baba bayan la'asar, yana zaune ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, ko kallon takardar bai yi ba. Ya nuna gefensa da haɓa. Can Baffa yake zaune, ƙanensa, mai fataucin shadda da atamfa tsakanin Maraɗi da Najeriya.

Baffa ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya karanta a hankali.

"Zane. Zanen mi?"

"Hoto, Baffa. Mutane, dabbobi, gari."

"To. Ran lahira a ce ka hura musu rai, kai da ko wutar shayi ba ka iya hurawa."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Sai ya matso da takardar, ya ƙura wa lambobin ido.

"Ashe ma ba ka yanke ba. Wanda ya yanke magana ba ya rubuta ta da abin da yawu ke gogewa."

Ya lashi babban yatsansa, ya murza a kan ɗayan da na sa, ya murza a kan biyun. Takardar ta yi baƙin dabbare. Ya zaro bik daga aljihun gaba, ya sa ɗaya a tufafi, ya danna har ta fito ta baya, ya sa hannu.

"Mutum ko ya mutu sai an sa mishi yadi. Wa ka taɓa gani an binne da hoto? Ko kana da magana?"

Wannan tambayar ce har yau ba ta barina. An tambaye ni. Ba zan yi wa Baffa ƙarya in ce bai tambaya ba. Na ce, "A'a, wato, duk yadda kuka gani."

Ya juya ga Baba. "Yaya, ka ga abin da na yi ma yaron ga?"

Baba ya buga ƙotar da ƙasa don ruwan hauyar ya zauna. "Ni ina ruwana. Ɗanka ne."

Na shiga cikin gida. Inna na ɓarar gujiya a faifai. Ta ji komai, zana ɗaya ce tsakaninta da su. Ta san kayen nan nawa na zane, ita ke ɗauke su daga inda awaki za su ci. Na tsaya kanta da takardar a hannu, na daɗe. Ta dubi wata kaza da ke tsince ɓawo ta ce, "Ke, tahi can, kin tsaya ma mutane a kai."

Washegari mushe ya ga dabbaren ya ce, "An canza maka ne?" Na ce eh, amma ba komai. Ya ce yana da sauran takarda guda, sai dai dole a sake sa hannu. Wa zan kai wa? Baba zai sake nuna Baffa da haɓa. Na ce zan yi tunani. Ina cikin tunanin aka tura dosiye, takardunmu duka, zuwa Yamai.

Shekara uku na yi a sashen tufafi. Ban taɓa fashi ba, ban taɓa makara ba, na fita da sakamako mai kyau, kuma wannan ma yana ba ni haushi, don shi Baffa yake nunawa. Ajin masu zane yana daura da namu. Ina tsaye kan tukunyar rini, hannu shuɗi har gwiwa, ina jin warin fentinsu ta taga. Ba zan ce sana'ar banza ce ba. Akwai ilimi a cikinta, akwai waɗanda suka zaɓe ta da zuciya ɗaya. Ban kuma san ko da na shiga wancan ajin zan zama wani abu ba. Ƙila da an kore ni tun shekarar farko. To ai sanin ne aka hana ni. Yawun mutum ɗaya, da shirun mutum biyu, da nawa na uku.

An ce mini Inna ta adana kayen nan a ƙasan kwallarta, wai in ji sanyi. Ban ji ba. Takarda a cikin kwalla ba ta sa hannu a dosiye. Kalma ɗaya ta bayan zana, ko da kaza za ta faɗa wa, da ta ishe ni in buɗe baki.

Bara ƙanena, na ukunmu, ya kawo tasa takardar. Ina gida, muna cin tuwon rana ni da Baba da Baffa, kowa da gefensa na kwano. Yana son aikin lantarki, Baffa yana son ya yi kasuwanci. Baffa ya goge hannu ya miƙa zai karɓa. Baba ya riga shi. Ya kira yaron da sunansa, ya tambaye shi sau biyu, ya ce a kawo bik.

"A bar yaro ya yi abin da ransa ke so," in ji shi. "Ba a yi ma ɗa dole a kan karatu."

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya ta ce gaskiya ne.

Baffa ya nuna ni da loma a hannu. "Ga wanda na zaɓa ma, mi ya rasa?"

Ba wanda ya dube ni. Na shirya maganganu da yawa cikin shekarun nan, na tsara su, na rage masu zafi, na sake ragewa. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na cire hannuna daga kwanon tun manya ba su cire ba, na tashi ban ce na ƙoshi ba. A gidanmu ba a yin haka. Na tsaya bakin randa ina wanke hannu, ina jiran Baba ya tsawata mini, ko da "kai" ne.

Ya ce wa Baffa, "Yi ma ɗanka magana."