Faifan da Ya Ware wa Ɗan Fari

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Runka da masu cin kasuwar Batsari suka sani da Mai Rediyo. Ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Ni ban yi karatu ba. Ina faɗa ne, ɗana na fari yana rubutawa. Shi ma ba na kama sunansa. Ya yi aikin malamin dabbobi har ya yi ritaya, mutane na ce masa Likita, ni ma sai na fake a nan. Idan kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina, ya dakata ya jira ni. Mutane suna ce mini ai shekaru sun yi nisa. Sun yi, amma har yau in na ji an jingine keke a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Abin da ya sa na nemi a yi rubutun nan shi ne faifan garmaho da marigayi ya bari, akwati guda. Ranar da rashin tsaro ya raba mu da Runka, a kan cinyata na riƙe akwatin a bayan a-kori-kura, na bar kwanonina na aure. Yanzu Likita ya ce wuri ya yi mana kaɗan a Batsari, kuma akwai wani mai tara tsofaffin kaya daga birni da zai zo ranar kasuwa ya kwashe su. Ya ce, "Inna, hayaniya ce kawai, ba mai ji." Ban yi masa musu ba. Na ce kafin a kwashe ya rubuta mini yadda ake sauraronsu, don kada wanda suka faɗa hannunsa ya fara ta inda ba a farawa.

An ɗaura mana aure 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin yana gyaran rediyo da cocila, yana bin kasuwanni a keke. Da arzikin mai ya zo, sai ga masu haƙa rijiyar burtsatse sun sauka a ƙasar Safana. Cikinsu akwai wani saurayin Bature mai gashi har kafaɗa, garmahonsa mai aiki da batir ya lalace, aka kawo wa maigida. Da ya gyara sai ya ɗora faifai don gwaji. Gwajin da bai ƙare ba ke nan. Ya shigo gida ya ce mini, "Yau na ji mutanen da ke kiɗa kamar masu tafiya fatauci, sun bar gida, sun ratsa daji, sun dawo ta wata hanya." Da Baturen zai tafi ya bar masa garmahon da faifai kaɗan. Sauran direbobin manyan motoci ne suka riƙa samo masa daga Kaduna da Ikko. Turawa na ce wa irin kiɗan furogiresif rok. Mu dogon kiɗa muke ce masa.

Gara ta cinye kwalayen tun da daɗewa, ni na ɗinka wa kowane faifai jaka da ragowar ƙyalle. Sunayensu suna rubuce a tsakiya, mai karatu zai gani. Ni da jaka na san su.

Maigida yana da ƙa'ida. Yakan ce kada ka fara wa baƙo da faifan da ka fi so, ka fara masa da wanda zai tsinci abin gidansu a ciki. Shi ya sa na farko kullum shi ne mai shuɗiyar jaka. Waƙoƙinsa gajeru ne, muryar mai waƙar a kwance take, kuma akwai sarewa. Da shi ya kama wani Bafulatani daga Babban Duhu, Jauro, wanda ya kawo rediyo gyara yana sauri zai koma wurin shanu. Sarewar na tashi ya zauna a bakin tabarma, sandarsa a kan gwiwa. Da aka gama ya ce, "Mai Rediyo, wannan mutumin ya taɓa kiwo. Sai dai shanunsa ba su da yawa, ji yadda yake lallaɓa su." Daga ranar duk mako sai ya zo, da ƙwaryar nono.

Na biyu mai jar atamfa ne. Wannan na ganga ne, amma gangar ba ta tafiya yadda kunne ya saba, sai ka ɗauka ka kama ta, sai ta tsallake. Akwai wani mahauci maƙwabcinmu, Ɗanjuma, mai taƙama da cewa ba kalangun da za a kaɗa bai taka ba. Ina jinsa daga cikin gida yana tafi yana ɓata, yana tafi yana ɓata. Can ya ce, "Kai Mai Rediyo, tsakani da Allah, makaɗin nan ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ne?" Maigida ya ce, "Ƙafarsa lafiya lau, kai ne kake ƙirga da yatsun fawa." Jauro ya ce a yi masa uzuri, wanda ya saba da bugun ƙashi ina zai gane. Suka yi ta tsiya har aka kira magariba. Kafin damina ta fita Ɗanjuma ya iya tafin, har yana koya wa wasu.

Na uku mai jakar saƙi, shi labari ne guda daga farko har ƙarshe, ba a ɗaga allura a tsakiya. Akwai kukan tsuntsaye a ciki, da iska, da tsawa. Ranar da aka fara sa shi da rani ne, na yi shanyar gero a tsakar gida. Ina jin tsawa na zabura na hau kwashe shanya, ko sama ban duba ba. Maigida ya leƙo ya same ni da ƙwarya a hannu, rana na dukan ƙeyata. Har ya bar duniya, in ya so tsokanata sai ya ce, "Uwargida, a duba shanya, zan sa mai saƙi."

Sai mutum ya wuce waɗannan ukun ake ba shi mai farar jaka, wanda waƙa ɗaya ta cinye gefe guda. Nakan ɗora ruwan tuwo a farkonta, in tuƙa, in kwashe, ba ta ƙare ba. A tsakiya akwai wurin da komai ke yin shiru har ka ce batir ya mutu. Maigida yakan ɗaga hannu kada kowa ya motsa. Ya ce wanda bai iya jiran shirun nan ba, abin da ke zuwa bayansa ba zai yi masa daɗi ba.

Na ƙarshe tagwaye ne, faifai biyu a jaka ɗaya. Ba waƙa sosai a ciki, ƙarafa ne ke faɗa da juna, sai ka daɗe kana ji kafin ka gane ashe magana suke. Wannan ba na baƙo ba ne. Shi ne wanda ya fi so, kuma ba ya sa shi a zaure, sai a ɗakinsa in yana shi kaɗai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina kowa da waya, waƙa ba ta kai rabi ba sun ture ta da yatsa. Na san da farko zai yi tsaki. Amma na san shi, da an gaya masa duk faifan da ya yi shekara yana jiran direba ya kawo suna nan cikin abin nan na tafin hannu, da ya ƙwace wayar ya hana kowa. Abin da zai karya masa zuciya shi ne zauren. Bafulatani da mahauci da mai gyaran rediyo a tabarma ɗaya, suna zagin juna suna dariya. Yau jikokin Jauro suna tsoron shigowa gari, namu suna tsoron fita. Ban san inda iyalinsa suke ba. Ina roƙon Allah Ya sa suna lafiya, Ya kuma nuna wa yaranmu ranar da za a sake shimfiɗa irin tabarmar nan. Ni na ga an yi, don haka na san ana iya yi.

Saura magana ɗaya, kuma ku masu karatu nake gaya wa, don ba zan iya kallon mai rubutun in faɗa ba.

A wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zaunar da shi kusa, ba ya yabonsa a gaban mutane. Shi ma ɗan in uban ya shigo zaure sai ya tashi. Haka aka yi mana, haka muka yi. Don haka mutumin da ya zaunar da rabin Runka ya koya musu sauraro bai taɓa zaunar da ɗansa ba. Abin da Likita ya tashi yana ji ta bayan bango shi ne tagwayen nan, na ƙarshe, mafi wuya. Dole ya ce hayaniya ce. Na kuma san ya daɗe yana ganin ubansa ya fi sakin fuska ga baƙi.

Akwai faifai ɗaya da ba ya cikin jerin baƙi. Shekarar da Likita ya tafi makarantar koyon aikin dabbobi, maigida ya shigo da faifan, ya ce in ɗinka masa jaka da majanyin da na goya yaron da shi. Na ce me ya sa? Ya kawar da kai ya ce, "Na wancan ne. Shi ba sarewa za ta kama shi ba. Wannan faifan yana daɗewa bai ce komai ba, in ya buɗe baki kuma ba ya faɗin banza. Halinsu ɗaya. Ranar da ya tambaya, da shi za a fara masa." Uban ya jira a tambaye shi, ɗan ya jira a kira shi. Ciwo na kwana kaɗan ya zo ya ɗauke uban. Ni kuma da aka bar wa saƙon, kunyar da ta ɗaure bakin uban ita ta ɗaure nawa.

A nan rubutu ya tsaya shekaranjiya. Na ji alƙalami ya daina motsi. Likita ya tashi ya fita. Yau muka ci gaba, kuma shi ya ce in faɗi abin da ya biyo baya.

Jiya da hantsi na ji shi yana kwance garmahon a tsakar gida. Ya wuni a kai, ya je kasuwa ya dawo, ya haɗa shi da batirin babur. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama kamar baƙo.

"Inna, wace jaka ce?"

"Tana ƙasa, ta ƙarshe. Ka riƙe shi ta gefe, ba a taɓa fuskarsa."

"Ta wane gefe ake farawa?"

"Kai ne mai karatu."

"Rubutun ya goge, Inna."

Na karɓa na shafa, na nuna masa gefen da marigayi ya ɗiga wa jan fenti. Ya ɗora allura. Aka daɗe ba a jin komai sai wani abu kamar ɗigar ruwa daga indararo. Ya kai hannu zai duba wayar batirin, na ce ya bari. Ya zauna a ƙasa, mutum mai furfura, ya harɗe ƙafa. Ni ina kallon bango ina kuka, shi yana kallon faifan yana juyawa. Da muryar ta shigo, na ji ya ja numfashi. Har gefen ya ƙare bai motsa ba.

Can ya ce, "Haka Baba ya ce? Halinmu ɗaya?"

Na ce wa bango, "Haka ya ce."

Ya yi 'yar dariya. "To ai ni ban kai wannan surutu ba."

Ya juya faifan da kansa.

Idan na auna abin da ya rage na maigida, ba shi da yawa a ido. Shagonsa na gyara ya rushe, gidan Runka ciyawa ta cinye, rediyoyin da ya gyara duk sun mutu, abokan zauren sun bi shi. Abin da ya rage shi ne yadda yake duban mutum, ya gane ta wace ƙofa zai shiga, ya jira shi. Ya dubi ɗansa haka, bai yi kuskure ba, ko da yake bai ga ranar ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada mu da alheri.

Mai tara tsofaffin kayan ya bugo waya ɗazu, muna cikin rubutun nan, yana tambayar ƙarfe nawa zai zo. Ina ji Likita ya gaishe shi, ya ba shi haƙuri, ya ce kada ya wahalar da kansa, faifan gado ne, kuma magajin bai gama ji ba.