Ƙafar Hagu

Shekarun baya, lokacin da ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, ina sana'ar albasa a Aliero, mahaifina kuma yana gida a Gehuru. Tsohon ɗan kokawa ne, ya haura tamanin, amma bai taɓa daina motsa jiki ba. Da an sallame asuba zai ɗaura walki, ya je gindin tsamiyar bayan gida ya kafa mata kafaɗa yana turawa har gumi ya jiƙa shi, sannan ya cika randunan gida da ruwan rijiya. Ranar kasuwar Jega da ƙafa yake zuwa. Ni da tumbina, in na bi shi sai na nemi inuwa na zauna ina haki.

Akwai ranar da na kai shi asibiti saboda tari. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya dube ni ya ce da za a yi mana musanyar ƙirji ni da Baba, da ni ne na ci riba. Har alfahari na riƙa yi da zancen a tasha.

Sai mantuwa ta fara. Da farko sunayen jikoki ne, daga baya ya soma tambayar mahaifiyata ko ita baƙuwa ce. Ƙarfin da muke taƙama da shi ya zame mana tashin hankali, don tsohon da ba ya iya tashi ana iya tsaronsa, shi kuwa ƙato biyu ba sa riƙe shi. Sau da yawa ya fice neman wani fagen kokawa da aka daina wasa a cikinsa tun kafin a haife ni. Wata rana har hanyar Maiyama wani direba ya tsinto shi.

Wani yammaci na dawo daga Aliero na tarar da shi a zaure da walki, zai fita, mahaifiyata na bayansa tana roƙo. Na tare ƙofa na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Kauce mini, malam, ban san ka ba."

Maganar ta soke ni. Ban san sadda na rungumo ƙugunsa ba, don kawai in hana shi fita. Nan take ya cafke ni irin kamun fage, ya jijjiga ni, sai kuma ya tsaya cak. Na ji hannunsa yana lalubar bayana.

"Kai na?" Ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi. "Har yau ba ka gyara ƙahwar hagun ga ba? Kullum baya kaka barin ta."

Tun ina yaro yake yi mini faɗan ƙafar nan, ita ce ma ta sa ya haƙura da mayar da ni ɗan kokawa. Mahaifiyata ta zauna a ƙasa tana kuka. Ranar ya tambaye ni matata da yara, ya ci tuwo tare da ni, kafin duhu ya yi ya sake mantawa.

Daga nan duk mako sai na zo. In cire riga a tsakar gida, magidanci da furfura a gemu, in kama kokawa da ubana, matan maƙwabta na leƙe ta kan darni suna dariya. Ban damu ba. Idonsa ya daina sanina, amma hannunsa bai daina ba, kuma ɗan lokacin nan shi ne duk abin da ya rage mini na uba.

Haka muka ci damina guda. Da kaka, ranar wata Juma'a, na kama shi kamar kullum, na bar ƙafar a baya da gangan, ina jira. Bai tsaya ba. Ya share ta, ya buga ni da ƙasa, kaye mai kyau wanda saurayi ma zai yi fahari da shi. Ya karkaɗe hannu ya dubi mahaifiyata.

"A ba baƙon ga ruwa," ya ce. "Ya yi ƙoƙari."

Na sake gwadawa mako bayan mako, har kafaɗata ta goce. Bai ƙara kiran sunan ba. Ya rayu shekaru bayan haka, lafiya lau, yana tura tsamiya kowace safiya, yana gaishe ni da ladabin da ake yi wa baƙo.

Yanzu in na ji ana cewa motsa jiki na tsawaita rai, ba na musu, na gani da idona. Sai dai zuciyata ba ta yin daɗi, don na ga jiki ya zauna daram mai shi ya tafi. Allah Ya jiƙan Baba. Ƙafar nan har yau ban gyara ta ba, kuma babu sauran wanda zai gane ni da ita.