Asalin Chedilal Mai Alawar Madara

A kasuwar garinmu, in kana son alawar madarar Chedilal, sai ka fara ba shi aron kunnenka. Shekara arba'in yana gaban kasko, kuma ba wanda ya taɓa karɓar ƙunshi bai ji labarin kakan kakansa ba. Wai mutumin ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin kogin Ganga shekara goma sha biyu, har Uwa Ganga, allahiyar kogin, ta fito ta ce ya roƙi abin da yake so. Bai roƙi sarauta ba, bai roƙi zinariya ba. Ya ce kada madara ta lalace a hannun zuriyarsa muddin suna kan gaskiya.

"Mu 'yan zuriyar Kashyap ba a banza muke ba," in ji Chedilal, yana bugun ƙirji da hannu duk maiƙo.

"Baban Girdhari, bara shekara takwas ka ce," matarsa Ramkali takan jefo daga bayan labule.

"Bara ban ƙirga da kyau ba. Ke dai ji da tukunyarki."

In ka cire wannan tatsuniya, mutumin kirki ne na gaske. Ba ya ƙara ruwa a madara, ba ya danne sikeli, kuma in alawa ta kwana biyu shi zai fara gaya maka.

Ana nan sai jikarsa Madhuri, malamar makaranta, ta daidaita da Devendra, ɗan mai kantin magani. Gida biyu kowa na murna, har aka kira pandit, malamin ɗaurin aure, ya tambayi gotra, wato tushen kowane gida ta wajen uba. Gidan ango suka ce Kashyap. Gidan amarya kuwa, ai ko kajin kasuwa sun haddace amsar. Pandit ya rufe littafinsa, don masu gotra ɗaya wa da ƙanwa ne, babu aure tsakaninsu.

Kwana uku Madhuri tana kawo wa kakanta abincin rana, ta ajiye ta juya. Yarinyar da ba ta wuce shi sai ta ce, "Dadaji, kakana mai ƙafa ɗaya, yau wa ka cika wa kunne?" yanzu ko ɗaga ido ba ta yi. Abin ya ci wa Chedilal rai, don maganin yana bakinsa. Kakansa maraya ne, ya shigo garin nan lokacin yunwa bai san komai ba sai sunan ƙauyensu. Ranar auren kakan aka yi masa abin da ake yi wa duk wanda bai san gotrarsa ba, aka ce Kashyap. Zancen tsayuwa a kogi kuwa, Chedilal ne ya ɗinka shi da kansa tun yana saurayi.

Rana ta huɗu ya kira Ramkali gefe, yana ta kame-kame.

"Uwar Girdhari, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."

"Na kakanka? Surukata ta gaya mini tun lallen aurena bai goge ba."

"Kika yi shiru shekara arba'in da biyar?"

"To, labarin yana sayar da alawa. Amma yau yarinya yake ci. Ɗauki sandarka."

Ya ɗauka. Da rana tsaka, a gaban mahaifin Devendra da pandit, ya faɗi komai, gumi na zuba. Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma bai rage ko kalma ba. Pandit ya ce magana ba ta isa ba, sai an ga shaida. Saboda haka su ukun suka hau jirgin ƙasa zuwa Haridwar, wurin masu ajiye littattafan zuriya, waɗanda ke rubuta duk wanda ya kawo tokar mamacinsa kogi bayan an ƙona gawar. Da sunan ƙauyen nan kaɗai wani dattijo ya yi ta buɗe takardu har ya tsaya a kan wani shafi. Ashe Garg ce gotrarsu, ba Kashyap ba. Ga sunan kakansa yana jariri, ga na uban kakan, Budhai, ga na kakan kakan, Jhamman. Babu wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya. Akwai dai dangwalen babban yatsan Budhai, ranar da ya kawo tokar mahaifinsa. Chedilal ya ɗora nasa yatsan a kai.

Kafin su dawo, labari ya riga su. Mai shayi ya tare shi da, "Chedi, yau ƙafa nawa?"

"Biyu, ɗan nema! Kuma a ƙasa suke."

Ranar biki, ango da amarya suna zaune gaban wutar ɗaurin aure, pandit ya kira gotrar Madhuri, ya kira ubanta, da kakanta, da uban kakanta, ya yi shirin wucewa. Chedilal ya ɗaga hannu.

"Ƙara gaba, Panditji."

"Uku sun isa, Chedilal. Haka ake yi."

"Na sani. Amma shekara ɗari ba wanda ya kira Budhai da Jhamman, ni kuma na ba da wurinsu ga mutumin da ba a taɓa haifa ba. Kira su, su ji ana biki a gidansu."

Pandit ya kira su da ƙarfi. Madhuri ta ɗago kai daga cikin mayafinta, ta maimaita sunayen bayansa.