Furar da na sha a gonar Tarai

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Shekarun baya ne, ina saurayi ina koyar da yara karatun allo a Dawaki ta ƙasar Rano, ina kuma neman wata yarinya, Hansatu, a Tarai. Magana ta yi nisa, sa rana kawai ya rage, sai na tara abokaina muka je wa mahaifinta gayyar yankan dawa, don dai a san ni ma ba rago ba ne.

Rana ta take tsaka, na koma gindin wani dutse a gefen gonar in sha iska, sai ga wata budurwa da ƙwaryar fura. Zanen saƙi ne a jikinta, irin wanda sai a adakar tsofaffi, ga munduwa har gwiwar hannu. Ta durƙusa ta kira ni da sunana na yanka. To ni sunan kakana gare ni, a gidanmu ba mai iya kama shi, ko Hansatu da laƙabi ta san ni.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Nan take na ce a raina, ahaf, ƙawayen Hansatu ne suka yi wa wata shiga don su gwada ni, su ga ko idona na rawa. Na ce bari in biye musu. Na karɓi furar na sha, sanyi kamar daga randa.

Ta ce, "Ka ce da kaka za ka dawo. Alkawarin yana nan?"

Ni da shegen bakina na yi dariya na ce, "Yana nan daram."

Ta yi murmushi ta ɗauki ƙwaryarta ta zaga bayan dutsen. Ina juyowa na ga Hansatu tsaye da kwanon abinci, fuska a ɗaure, tana tambayata wace ce wannan. Na ce ke za a tambaya, ba ku kuka turo ta ba? Ta rantse ba ta taɓa ganinta ba, ni ma na rantse, kowa na yi wa kowa kallon maƙaryaci. Abokaina kuma suka ce su ni kaɗai suka hango ina surutu ina kai hannu baki. Har su ma na zarga, na ce haɗa baki aka yi.

Sai da mahaifin Hansatu ya kai ni wurin wani tsohon malami a garin, wanda idonsa ma ya tafi. Na kwashe labari na ba shi, har da sunan kakana. Ya ce zamanin Turawa, da ake ɗiban mutane haƙar kuza, an ɗebi kakana yana neman wata yarinya a Tarai, a gindin dutsen nan suka yi sallama ya ce da kaka zai dawo. Bai dawo ba sai bayan shekaru, ya yi aurensa a Dawaki. Ita kuwa duk kaka tana kai fura wurin, har ranar da aka neme ta aka rasa.

"Me ka ce mata, ɗana?"

Na faɗa masa. Ya ce innalillahi, ya ba ni addu'o'i.

Bayan kwana uku na je zance, ina ta rantsuwa ina ba Hansatu haƙuri. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce jiya da hantsi budurwar ta same ta a bakin rijiya, ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta ko ita ƙanwata ce.

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Malam, na ga idonta. Na ce mata eh."

Washegari aka maido mana da kayanmu na neman aure. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, don ina son yarinyar nan. Har yau ban san me na gani ba, mutum ko aljan, kuma ban sake taka gonar ba.

Ku samari, in wadda ba ku sani ba ta tambaye ku alkawari, ko da wasa ne kada ku amsa. Ku yi bisimilla ku tashi daga wurin.