Goggon da Ke Tura Keken Auta

Goggo ba ta taɓa zama a aji ba sai da ta haura hamsin, kuma ko a lokacin ba karatu ya kai ta ba. 'Yar ƙaninta, wadda kowa ke kira Auta, ita ta sami gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'a. Tun tana ƙarama a keken guragu take, uwarta ta rasu, ubanta kuma direban babbar mota ne, ba mazauni ba. Da dangi suka taru ana ta "to wa zai bi ta?", Goggo ta ce, "Ku daina kallon juna. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure. Ni ce ba ni da abin yi."

Aka ba su ɗaki a ƙasan benen ɗalibai mata, gado biyu, taga tana kallon igiyoyin shanya. Jami'ar gari ce guda. A makon farko sun ɓata ya fi a ƙirga, don a idon Goggo duk gine-ginen uwarsu ɗaya. Sai ta raɗa musu sunaye. Ɗakin gwaje-gwaje ya zama Mai Wari, ɗakin karatu ya zama Gidan Shiru. Kafin zango ya ƙare 'yan ajin Auta ma haka suke kiransu.

Idan an shiga lacca, sai ta kai Auta layin gaba, ita ta koma kujerar ƙarshe kusa da ƙofa tana saƙa. Ba ta cewa uffan. Sau ɗaya ne ta kasa haƙuri, ranar da wani malami ya yi ta zuba kamar famfo, ɗalibai suna ta yarfe hannu.

"Malam, a yi a hankali mana. Hannun yaran nan ba inji ba ne."

Aji ya kwashe da dariya. Malamin ya gyara tabarau ya ce, "To, Mama, na ji." Ya kuwa rage.

Wahalar tana Mai Wari, don a hawa na sama yake. Goggo kan durƙusa, ta goya Auta, ta ɗaure da zani, ta hau tana nishi. Da farko ɗalibai ba su hanya kawai suke yi, suna kawar da kai. Wata rana wani saurayi da ake kira Dogo ya ɗauki keken ya bi su. Daga baya wata ƙawar Auta mai yawan surutu, da suke wa laƙabi da Rediyo, ta tara 'yan ajin suka je wajen shugaban sashe, aka dawo da darasin ƙasa. Amma kafin nan gwiwar Goggo ta riga ta taɓu.

A shekara ta biyu, wata safiya Goggo tana ɗaura ɗankwali, Auta ta ce, "Goggo, yau ki huta. Su Rediyo za su zo mu tafi."

"Na yi miki wani laifi ne?"

"Ko ɗaya. So nake ni ma in makara wata rana, in tsaya hira a hanya, in dawo ki yi mini faɗa."

Goggo ta ce to. Amma suna fita ta yafa mayafi ta bi su daga nesa, tana laɓewa bayan bishiyoyi da ɗingishinta. A gangaren da ke gaban Gidan Shiru, inda ita takan riƙe keken gam, Dogo ya ɗan sake shi yana bi da gudu. Goggo ta zabura za ta bi su. Sai ta ji dariyar Auta, irin wadda ba ta taɓa ji ba duk rainon da ta yi mata. Ta cusa bakin mayafi a baki don kada ta kira sunanta. Ta juya ɗaki, ta kwaso kayan da ta wanke jiya, ta sake wanke su, hawaye na ɗiga cikin bokiti.

Ƙarshen wannan zangon ita da kanta ta ce za ta koma wajen babban ɗanta. Rediyo ta dawo gadon Goggo. Da ita da sauran 'yan ajin ne Auta ta ƙarasa karatun, yanzu tana aiki a wani asibiti.

Ranar tafiya 'yan matan benen suka rako ta tashar motar jami'a, suna rigima kan wa zai riƙe jakarta. Goggo ta ja Rediyo gefe ta nuna mata tayar hagu da ke son mai, da yadda ake ɗaga Auta ba a murɗe mata ƙugu ba. Ta ja wa Dogo kunne a kan gangare, ya yi tsuru-tsuru, don bai san ta gani ba.

Auta ta riƙe hannunta ta ce, "Goggo, kina fushi da ni?"

"Ina yi mana. Ki bar ni da abina, kafin in isa gida zai huce."

Direba ya danna ham. Ta hau da ƙyar, wata ɗaliba ta tashi ta ba ta kujerar taga.