Filin da Aka Ce Ya Huta

Kawu ya gaji shanu goma sha bakwai da filin kiwo daga mahaifinsa, ya kuma gaji wani hali: in mai ilimi ya faɗi magana, ba ya ƙara ko wasali a kai. Shekara talatin yana kiwon bijimai yana sayar wa mahauta, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Da aka kira bitar kula da ƙasar kiwo, shi ya fara isa, ya zauna a bencin gaba duk kwana ukun. Malamin gona ya bayyana musu cewa ƙasa ma tana gajiya, a raba fili kashi huɗu, a bar ɗaya ya huta. Aka ba Kawu takardar shaida da waya mai ƙaya naɗi shida, aka kewaye kashin bakin rafi, wanda ya fi sauran albarka.

"Kada ka buɗe sai na dawo na duba," in ji malamin.

Bayan sati biyu aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Babu wanda ya tuna ya gaya wa Kawu.

Damina biyu suka wuce. A cikin shinge ciyawa ta fi mutum tsayi. A waje shanu suka lashe kashi ukun ƙarƙaf, har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da yamma sukan jeru jikin waya suna kallon ciki. Mahauta suka daina ko tayawa.

"Malam," in ji matarsa, "wai filin nan jego yake yi? Ni da na haifa maka bakwai ban samu hutu irin nasa ba."

"Ke ba ki je bita ba."

"Su ma shanun ba su je ba, ga shi su ke azumin."

A wata na ashirin da shida sabuwar malamar gona ta iso a kan babur. Ta zagaya shingen tana salati.

"Baba, wata uku fa ake nufi! Buɗe musu."

Kawu ya kwance ƙofa. Shanu suka ruga ciki. Sai dai ciyawar ta tsufa ta zama kara, ƙaya ta cinye rabin wurin. Suka sunsuna, suka ɗan tattaka, suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta daɗe tana kallo, sai fuskarta ta washe. Ta ce duk yankin ba ta taɓa ganin misali mai kyau irin wannan ba na illar barin fili ya wuce lokacinsa. Akwai bita bayan girbi, za ta kawo makiyaya arba'in su gani da idonsu.

"Don Allah, Baba, kada ka sare, kada ka ƙone. A bar shi yadda yake."

Kawu ya dubi shanunsa, ya dubi malama. Sannan ya ja ƙofar, ya ɗaure ta da kyau.